Jitar akwatin taba: daga ina sabon hannu zai fara?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son haɗa jitar nan ta Amurka mai tsirkiya uku, wadda ake yi da akwatin katako na taba. Akwatin da ke hannuna tsawonsa santimita 23, faɗi 18, zurfi 5. Kayan aikina zarto ne da magagari da injin huda. Wane katako ya dace da wuya? Dole ne sai na dasa ƙarafan nan da ake jerawa a kan wuya? Kuma a ina ake ajiye jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan murfin akwati?

Kafinta Mai Gilashi:
Wa alaikumus salam. Akwatinka ya isa. Talakawan Amurka da suka fara wannan abu tun ƙarni na 19 da abin da suka tsinta suka yi, sandar tsintsiya da waya, don haka kada rashin kayan aiki ya tsayar da kai.

Abu ɗaya za ka riƙe: wuya ne ke ɗaukar nauyi, akwati amo kawai yake bayarwa. Tsirkiya uku suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 20, murfin akwati ba zai jure ba. Shi ya sa sandar wuya take ratsa akwatin ta ɓullo ta baya, a ɗaure tsirkiyoyi a jelarta.

Nemi maɗaci ko iroko busasshe, tsawon santimita 90, faɗi 4, kauri 2.5. Ka ɗaga shi ka hango shi daga baki zuwa baki da ido ɗaya. In ka ga ya ɗan karkata, ajiye musu kayansu. Ɗanyen katako kuwa zai yaudare ka da damina, hunturu na shigowa ya lanƙwashe.

Ka yanke gurbi a gefuna biyu na akwatin daidai faɗin sandar, ta zauna cif ba ta girgiza. Sai ka fafe saman sandar a iya inda take cikin akwati, zurfin kaurin murfi, yadda in an rufe fuskar wuya da ta murfi za su zo daidai. A tsakiyar wannan fafiyar ka ƙara zurfin milimita 3, ka bar kamar santimita 2 a kowane ƙarshe inda murfin zai dogara. Nan ne sababbin hannu suka fi faɗuwa: in murfi ya kwanta a kan sanda gaba ɗaya ba zai yi rawa ba, sautin ya fito a shaƙe. Tunda fafiyar ta rage wa sandar ƙarfi, ka manna wani siririn katako a ƙarƙashinta da gam ɗin kafintoci, ka matse ya kwana.

A bar jelar ta leƙo santimita 4 zuwa 5, a huda ramuka uku na milimita 3, tazarar milimita 12 tsakaninsu. Saka ribit ko ƙaramin zoben ƙarfe a kowane rami, in ba haka ba kan tsirkiya zai ci katakon a hankali, jitar ta riƙa saki kullum.

Mai Tsirkiya:
Maigida ya gama da aikin katako, bari in ɗora da awo. Ɗan'uwa, a ta farko ka manta da ƙarafan wuya. Kuskuren milimita ɗaya a wurin dasa su ya isa ya ɓata sauti, kuma sai da siririn zarto na musamman. Ka bar wuyan sumul, ka yi kiɗa kana zamar da abu a kan tsirkiyoyi: wuyan kwalba da aka goge bakinsa, ko guntun bututun jan ƙarfe, ko soket na makanikai mai shiga yatsa.

Daga matashin sama, inda tsirkiya ke tashi kusa da kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure ta, zuwa jaki ka auna milimita 635. Ka fara tsayar da wurin jaki, wajen kashi ɗaya cikin uku na murfin daga baya, sannan ka auno zuwa sama. In ka fara daga sama, jaki zai iya faɗawa bakin akwati inda murfi ba ya motsi. A madadin ƙarafan, ka yi alamomin gidajen sauti a kan wuya da biro, daga matashin sama: na 3 a milimita 101, na 5 a 159, na 7 a 211, na 12 a 317.5, wato rabi cif. In ka canza tsawo, ka raba shi da 17.817 ka sami gida na farko, ka cire, ka sake raba abin da ya rage, haka har ƙarshe.

Matashin sama ƙaramin bol na milimita 6 ya wadatar, zarensa ne zai riƙe tsirkiyoyi kada su zame. Jaki bol na milimita 8 ko 10, kuma kada ka sa masa gam. Tsirkiya ce za ta danne shi, kai kuma kana bukatar matsar da shi. A tsakiyar wuya tsirkiya ta tashi aƙalla milimita 4 daga katako. Ƙasa da haka kwalba za ta riƙa bugun wuya.

Daga saitin jita na yau da kullum ka ɗauki ta 5 da ta 4 da ta 3, masu kauri .042 da .032 da .024. A ɗaure su a kan sautukan da ake kira G, D, G. Ta 5 asalinta A ce, sassauta ta za ka yi ta sauko G.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Kunnuwan fa? Sandar ta fi ƙarfensu kauri.

Kafinta Mai Gilashi:
Rage kan sandar ya koma milimita 14 ko 15, tsawon santimita 13. Amma daga sama za ka rage, ba daga ƙasa ba, don tsirkiya ta gangaro daga matashi zuwa kunne. In ta tafi a miƙe ba ta danna bol ɗin, sai zizar banza. Ka auna ƙarfen kunnen kafin huda, wasu milimita 6 ne, wasu 10, kuma kada ka jera ramukan a layi ɗaya, tsirkiyoyi za su gogi juna.

Injiniya Rediyo:
Ba wanda ya taɓo ramin sauti. Biyu na milimita 20 a kusurwoyin gaba sun isa. Ka manna tef a wurin kafin huda, ka tallafe bayan da guntun katako, don murfin yana saurin tsagewa.

In kana son jona ta da lasifika, faifan piezo, mai mayar da rawar murfi ta zama lantarki, na milimita 27 da soket na milimita 6.35 kawai ake bukata, waya biyu da dalma. Ni dai ban yarda da manna faifan tsirara a jikin murfi ba, ko da yake da yawa haka suke yi. Yana ɗauko kowane ƙwanƙwasa da gogar riga, ga ƙara mai huda kunne da zarar an ɗaga murya. Naɗe shi da siririn soso, ka liƙa shi a ƙarƙashin murfi kusa da jaki, ɓangaren tsirkiya mai kauri. Murfin kuma a rufe shi da ƙananan sukurori huɗu maimakon gam, saboda wayar piezo tana yawan tsinkewa a bakin dalma, dole wata rana a buɗe.