Neman shawara: ɗalibaina sun haddace dokar haraji, amma ba sa iya buɗe baki gaban ɗan kasuwa

Malamar Akanta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina koyar da haraji ga 'yan aji uku a jami'a. Zangon da ya wuce na mayar da aji ofishin haraji na gwaji: tebur uku, fayil-fayil, da tsofaffin rasidai da na roƙo wurin ƙanin maigidana mai shagon atamfa a Kantin Kwari, na goge sunaye. Wasu suka zama jami'ai, wasu 'yan kasuwa. Akwai yarinyar da ta fi kowa maki, ta san VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, ta san zuwa 21 ga wata ake shigar da bayanansa. Da abokin karatunta ya buga tebur ya ce, "Hajiya, ban ci riba ba, me zan biya?" sai ta daskare, hawaye shar. Alhali amsar tana kanta: VAT ba a kan riba yake ba, mai saye ne ya biya. Yanzu shugaban sashe ya ce ina cinye lokacin manhaja. In ci gaba ko in haƙura?

Tsohon Ma'aikaci: Malama, ki yi haƙuri, wannan wasan yara ne. Shekara 28 na yi ina karɓar haraji. Sai ɗan kasuwa na gaske ya zage ki tas, ya haɗa da iyayenki, sannan zuciya take dakewa. Ki tura su ofis.

Maman Iman: Wane ofis, Baba? Ɗana wata shida ya yi a wani ofishi, in ban da sayo abinci da fotokofi ba abin da aka sa shi.

Baban Khalifa: Ni dai duk wata sai an yanke min PAYE, wato harajin albashi, amma ku zo ku ga titin unguwarmu da damina.

Ɗan Zariya: Malama, wace doka kike gwajin da ita? Tun 1 ga Janairun 2026 sababbin dokoki suka fara aiki, hukumar karɓar haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS, kuma naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba haraji a kanta. Ki ci gaba, amma ki daina ba da maki a wasan, tsoron faɗuwa ne ya sa ta kuka.

Malamar Akanta: In ba maki, rabinsu ba za su zo ba, na san halinsu. Kuma Baba, ba wasa nake ba, kwana uku na yi ina shirya fayilolin nan.

Tsohon Ma'aikaci: To ki gayyace ni in zama ɗan kasuwar, ki ga yadda ake yi.

Malamar Akanta: Wadda ɗan ajinsu ya sa kuka, ita zan haɗa da kai? Shugaban sashen fa, ba wanda ya ce min komai a kansa.