Katakon maɗaci zai yi ƙyauren ƙofar waje?

Sabon Kafinta:
Salamu alaikum manya. An ba ni aikin ƙyauren ƙofar waje, mai aikin ya ce lallai da maɗaci yake so. Katakon da na samo ja ne mai kyau, amma da nauyi sosai, kuma gefen wasu fari-fari ne. Da na sa injin gogewa sai ya riƙa tsittsinke saman. Anya zai jure ruwa da rana kuwa?

Baba Masassaƙi:
Wa alaikumus salam, yaro. Maɗaci dai ba a raina shi. Da shi ake sassaƙa turmi da kwalekwale, balle ƙyaure. Amma nauyin nan da ka ji, ina zargin ɗanye ne. In ka haɗa shi haka, yana bushewa zai murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin katako da katako iska ta ratsa, ka shafa fenti a bakunan biyu don kada su tsage. Farin gefen nan kuwa yanke shi ka yar, abincin gara ne. Jan cikin shi ne maɗaci.

Injiniya M.:
Baba ya gama magana. Tsinkewar kuma ba laifinka ba ne, zaren maɗaci a harɗe yake, wani ya yi nan wani ya yi can. Wasa wuƙar injin, ka riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, ka ƙarasa da samfefa. Ka huda kafin ka buga ƙusa. In ka samu na'urar auna danshi, jira ya sauka wajen kashi 12 cikin 100.

Malamin Gandun Daji:
Ni roƙona kada ka ɓarnatar da ko guntu. Maɗaci shi ne *Khaya senegalensis* a kimiyyance, dangin darbejiya, yana kai mita 30, amma sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya isa yanka. Ga masu saɓar ɓawonsa don magani har bishiya ta mutu a tsaye. A 2022 aka sa maɗacin Afirka a jeri na biyu na CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake gudun su ƙare, don haka fitar da katakonsa ƙasar waje sai da takardar izini.

Sabon Kafinta:
Allah ya saka da alheri. Na jera shi tun ɗazu. Baba, da wane mai zan shafe shi idan na gama?