Ta yaya uban daba kamar Al Capone ya zama tauraro a Amurka?

Ɗiyar Maraɗi:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da Al Capone na Shikago. Kowa ya san fasa-ƙwaurin giya da caca da gidajen karuwai ne sana'arsa, ana kuma jingina masa kashe-kashe, amma 'yan jarida na rububinsa, har mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a watan Maris na 1930. Mai laifi da ɓuya aka san shi. Me ya sa wannan ya fito rana tsaka, kuma me ya hana hukuma kama shi sai da ta biyo ta kan haraji? Masana a taimaka da bayani dalla-dalla.

Malam Na-Tudu:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sai kin fara gane kasuwar kafin ki gane mutumin. Dokar hana giya ta fara aiki a faɗin Amurka ranar 17 ga Janairu, 1920, aka soke ta a Disamban 1933. Abin da ta haramta shi ne yin giya da sayar da ita da dakonta, duk abin shan da barasarsa ta haura rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ba ta haramta sha ba. Sai miliyoyin mutanen da ake gani da mutunci, har da alƙalai da 'yan sanda, suka wayi gari kwastomomin 'yan daba ne. Asalin farin jinin ke nan: ɗan fashi ƙwace wa mutum yake yi, wannan kuwa abin da mutum yake nema yake kawo masa har ƙofa.

Kayan ta hanyoyi da dama yake zuwa. Akwai kamfanonin da aka bar wa lasisin yin giya marar barasa. Yadda ake yin ta, sai an dafa ta gaske sannan a cire barasar, to sai kawai a tsallake matakin ƙarshe a loda ganguna a mota. Wuski kuma daga Kanada ake tsallako da shi ta kogin Detroit, da kwalekwale, in sanyi ya daskarar da ruwan a bi ta kan ƙanƙara da mota. Mafi haɗari ita ce barasar masana'antu, wadda doka ta sa a zuba mata guba don kada a sha. 'Yan daba kan sace ta ko su saya ta bayan fage, su sake tace ta. In tacewar ba ta yi ba, barasar itace ta rage a ciki, ita ce ke makantar da mashaya ko ta kashe su. Sannan akwai ƙananan tukwanen dafa barasa da 'yan gidan Genna, wasu 'yan daba na Shikago, suka rarraba wa talakawan unguwar Italiyawa, suna biyansu kuɗin kula da wuta.

Abin lura a nan: giya kaya ce mai nauyi. Gidan dafa ta yana wari, manyan motoci na shiga da fita, ganga ba ta shiga aljihu. Ba a iya ɓoye wannan sana'a, sai dai a sayi idon da zai gani. Shi ya sa toshiyar bakin 'yan sanda da 'yan siyasa ta zama kuɗin gudanarwa na kullum. Da William Dever ya zama magajin gari a 1923 ya matsa musu, Johnny Torrio, shugaban gungun a lokacin, da yaronsa Capone suka koma Cicero, wani ƙaramin gari a gefen Shikago, suka murɗe zaɓen Afrilun 1924 da bindiga. A ranar 'yan sanda suka harbe Frank, wan Capone. Kuma tunda ba kotun da za ka kai ƙarar wanda ya ci maka bashin giya ko ya shiga yankinka, bindiga ce alƙali. An kashe Dean O'Banion, shugaban gungun da ke gaba da su Torrio, a shagonsa na furanni a Nuwamban 1924, mutanensa suka harbi Torrio a Janairun 1925, ya sha da ƙyar, ya miƙa ragama ga Capone, wanda a lokacin yake ɗan shekara 26.

Baban Zara:

Malam ya shimfiɗa tabarma, bari in ɗora. Fitowa fili ba wauta ba ce, kariya ce mai araha. Torrio ba ya son a ga fuskarsa. Capone kuwa yana kiran 'yan jarida har masaukinsa, da farko otal ɗin Metropole, daga 1928 kuma Lexington, ya ba su labarin da za su sayar da jarida, yana nuna kansa a matsayin ɗan kasuwa mai biyan buƙatar jama'a. Ga kwat mai launi mai ɗaukar ido, ga zoben lu'ulu'u, ga kyautar kuɗi ga masu hidima, ga zama a sahun gaba a filin wasa. Tabon wuƙar da ke kuncinsa na hagu ma, wanda ya samo a wata mashaya a New York, ɓoye shi yake yi in za a ɗauki hoto.

Wasu 'yan jaridar ma a aljihu suke. Jake Lingle na Chicago Tribune albashinsa dala 65 ne a mako, amma da aka harbe shi a Yunin 1930 aka tarar yana ɗaure da bel mai kan lu'ulu'u, kyautar Capone, asusunsa kuma ya fi ƙarfin albashinsa nesa ba kusa ba. A ƙarshen shekarar, tattalin arziki ya karye, mutane na layin neman abinci, Capone ya buɗe gidan ciyarwa kyauta a titin South State, sau uku a rana. Kuɗin miya da burodi ba komai ba ne a wajensa, amma jaridu sun yi ta ɗaukar hoton layin.

Amfanin duk wannan a kotu yake bayyana. A Amurka talakawa 12 ake zaɓowa su yanke ko mutum ya yi laifi. In rabin gari na ganin mutumin a matsayin mai kyauta, sauran rabin na tsoronsa, ina za a samo shaida, ina za a samo sha biyun? Abin da ya ɓata lissafin shi ne 14 ga Fabrairu, 1929. Aka jera mutum bakwai na ɓangaren Bugs Moran, abokin gabar Capone, a jikin bangon wani gareji a titin North Clark aka buɗe musu wuta, biyu daga cikin maharan sanye da kakin 'yan sanda. Capone yana Florida a ranar, ba a kuma taɓa hukunta kowa ba. Amma jaridun da suka ɗaga shi su ne suka buga hoton gawarwakin, kuma daga nan maganar ta wuce hannun Shikago ta koma ta gwamnatin tarayya.

Ɗiyar Maraɗi:

Na gode, Baba. To amma harajin fa? Ta yaya ake neman haraji a kan kuɗin haram?

Akawun Kotu:

Kotun Ƙolin Amurka ta raba gardamar a 1927, a shari'ar wani ɗan fasa-ƙwaurin giya mai suna Sullivan: kuɗin haram ma ana biya masa haraji. Laifin kisa na jiha ne, kotunan jihar kuma an riga an saye su. Haraji na tarayya ne, kuma takarda ba ta jin tsoro.

Matsalar ita ce Capone ba shi da asusun banki da sunansa, gidan Palm Island na Miami a Florida da ya saya dala 40,000 a 1928 ma sunan matarsa ke kai. Sai Frank Wilson na ofishin haraji ya bi ta baya. Ya tono littafin lissafin wani gidan caca na Cicero da aka kwashe a wani sumame tun 1926, ya gwada rubutun hannun da takardun ajiyar banki har ya gano akawun da ya rubuta shi, Leslie Shumway, aka ɓoye shi har ranar shari'a. Sannan aka tattara abin da Capone yake kashewa: kuɗin otal, na waya, na tela, na mahauci, da kuɗin da ake aika masa Miami. Wanda ya ce ba shi da kuɗin shiga, daga ina yake biyan waɗannan? Lauyansa ya ƙara kwaɓa abin da ya rubuta wasiƙar neman sulhu, inda ya amsa cewa akwai kuɗin shiga na wasu shekaru.

An yi yarjejeniyar ya amsa laifi a ba shi shekara biyu da rabi, alƙali James Wilkerson ya ƙi ɗaure kansa da ita. Da labari ya zo cewa an fara bin waɗanda za su zauna a shari'ar da cin hanci, sai ranar farko ya musanya su da na wata kotu. Aka same shi da laifi biyar a Oktoban 1931, ɗaurin shekara 11 da tarar dala 50,000. Ya yi zaman kurkukun Atlanta, ya yi na Alcatraz daga 1934, aka sake shi a 1939 tunjere ya riga ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya mutu a Janairun 1947.

Malam Na-Tudu:

Ƙarin bayani kaɗan, kada a ɗauka ɗaure shi ya rusa gungun. Waɗanda suka gaje shi sun ɗauki darasi suka shige duhu. Tony Accardo ya daɗe yana juya ƙungiyar, ya mutu a 1992 bai taɓa yin dogon zama a kurkuku ba, kuma ba kowa ya san sunansa ba. John Gotti, uban wani gungun daba a New York, shi ya maimaita kuskuren Capone: kwat mai tsada, wasan wuta ga 'yan unguwa duk 4 ga Yuli, da tilasta wa manyan yaransa zuwa gaisuwa a kulob ɗin Ravenite kowane mako, inda FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, ke ɗaukar hoton duk mai shiga. Sau uku yana tsallake shari'a, ɗaya da cin hanci. Suka dasa na'urar naɗar murya a ɗakin da ke saman kulob ɗin, mataimakinsa Sammy Gravano ya ji yadda ubangidan ke cin namansa a faifan, ya juya ya ba da shaida, aka yi wa Gotti ɗaurin rai da rai a 1992.