Zan dawo Maradi da iyali: wace unguwa, wace lakwal?

Baban Hajara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mini canjin wurin aiki daga Dakoro zuwa Maradi, kuma ina so iyali su iso kafin a koma lakwal a watan Oktoba. Yara uku ne: ɗaya za ta shiga CI (ajin farko na firamare), ɗaya yana CM1 (aji biyar), babbar kuma tana aji biyu a CEG (ƙaramar sakandare). Wace unguwa ta fi dacewa da mai iyali, kuma ta ina zan faro?

Mushe Ɗan Tasawa:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da lakwal, gida ya biyo baya. In ka riga ka biya kuɗin haya sannan ka tarar babu gurbi kusa, kai da 'yan kabu-kabu ne har ƙarshen shekara.

Tun kana Dakoro ka karɓi takardar canjin makaranta ta kowane yaro daga hannun darakta, da takardun sakamakon shekarar da ta wuce, ka haɗa da takardar haihuwa da hotuna. Ka duba ko sunan da ke takardar haihuwa shi ne ke cikin kundin makaranta harafi da harafi. Wani wuri Hadiza, wani wuri Hadizatou, ba ya damun kowa yanzu, sai ranar da aka zo haɗa takardun BEPC, jarrabawar gama CEG, lokacin gyaran ya koma na kotu. Ta CEG ɗin ka fara nema wa gurbi, don nan ne cunkoso ya fi yawa.

In ka je ganin makaranta, kada ka tsaya ofishin darakta kaɗai. Leƙa ajin CI da kanka: na siminti ne ko rumfar kara? A watan Nuwamban 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan rumfuna a nan Maradi, yara sama da 20 suka rasu. Ƙirga yara nawa ke kan tebur guda, ka ga ko akwai famfo da makewayi masu aiki. Makarantar kuɗi kuwa, tambayi takardar izininta daga gwamnati, da jimillar abin da za ka biya a shekara, har da kayan makaranta da littattafai, ba kason farko kaɗai ba.

Hajiya Maman Sani:
Ni kuma ta ƙasa zan ɓullo maka, ɗan uwa. Tsohon garin a kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro da shi tudu, kuma har yau ruwa bai manta hanyarsa ba. A 2024 sai da aka ɗage komawa makaranta a Nijar duka zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, Maradi tana cikin inda abin ya fi muni. To tun da yanzu damina ce, je ka ga gidan washegarin ruwa. Duba gindin bango ko akwai layin danshi, ka ga ko tsakar gida ta fi titi tudu, ka bi lungun ka ga inda ruwa ke kwana. Inda ya kwana, sauro ne da masassara.

Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Yandaka da Maradawa akwai maƙwabtaka ta gaske, kasuwa kusa, Islamiyya ko'ina, amma lunguna matsattsu ne, gidajen ƙasa da yawa, kuma sau tari haɗaka ce. Zariya da Ali Ɗan Sofo sun fi yalwar fili da gidan da za ka rufe ƙofarka kai kaɗai; sai dai bakin gari akwai yashi mai kayar da babur, kuma wasu layukan ruwan famfo bai isa ba, sai 'yan ga-ruwa.

Ɗan Burja:
Hajiya ta yi gaskiya, amma sunan unguwa kada ya ruɗe ka, layi biyu a unguwa ɗaya sai su bambanta ƙwarai. Buɗe famfon da tsakar rana, ba da asuba ba, don da dare kusan kowa na samun ruwa. Nemi takardun biyan wutar NIGELEC da na ruwa na ƙarshe, kada ka gaji bashin wanda ya tashi. In mita ɗaya ake rabawa, a rubuta yadda rabon yake. Ɗan kamasho ku yanke ladansa kafin ya nuna maka gida, kuɗin haya kuma hannun mai gida, da rasit, gaban shaidu, in da hali mai unguwa ya sani.

Abu ɗaya da ban yarda a sassauta ba: 'yar CI kada ta riƙa tsallaka kwaltar da manyan motoci ke bi zuwa Ɗan Isa da Katsina. Inda ake tashi da rana a koma da yamma, tsallakawa huɗu ke nan kullum. Ka taka hanyar da ƙafa ranar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwa, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe.

Baban Hajara:
Allah ya saka da alheri. Mushe, in na sa ƙananan a faranko-arab, mai haɗa Faransanci da Larabci, za su iya komawa ta gwamnati zalla daga baya?

Mushe Ɗan Tasawa:
Za su iya, muddin makarantar tana da izini, don ajujuwan iri ɗaya ne daga CI zuwa CM2. 'Yar CI ba matsala. Na CM1 dai bar shi a irin makarantar da ya saba: shekara biyu suka rage masa a firamare, ba za su ishe shi kamo Larabcin 'yan ajinsa ba.