Tiwita na ta ƙonewa kuma na baya basa ji, ina matsalar take?

sabon_hannu:
Salam ƴan uwa masu harkar sauti, dan Allah a taimaka min. Ina da sifika huɗu masu inci 15, kowacce om 8 (ma'aunin juriyar sifika ga lantarki), da amfilifaya ɗaya mai layi biyu da mikisa. Hol ɗin da muke aiki tsawonsa zai kai mita 30, sifikun duka a gaba nake jera su a ƙasa, biyu dama biyu hagu. To na gaba toshe kunne suke, na baya kuma sai ɗago min hannu suke wai a ƙara, in na ƙara sai jar fitilar nan ta amfi ta dinga kyaftawa, jiya dai tiwita (ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti) ta biyu ta tafi har warin ƙonewa naji. Amfi zan ƙaro ko sifika?

tsohon_injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka sayi komai tukuna. Jar fitilar nan ce maka take amfi ya ƙure, abinda yake turawa daga nan ba sauti mai tsabta bane, a murɗe yake fita kuma tiwita ce ke fara shan wuyar, shi yasa kake ta canji. Ta ɗan ƙyalla jefi jefi ba komai, amma ta zauna ja to kuɗinka ne ke cin wuta.

Ainihin matsalarka ajiye sifika a ƙasa. Jikin mutane shanye siririn sauti yake, layi uku na farko sun gama cinye maka shi, na baya sai gunji kawai suke ji ba kalma. Ɗora su kan sanda har ƙahon tiwitar ya wuce kan mutum in yana tsaye, ka ɗan sunkuyar da su su kalli tsakiyar jama'a ba bangon baya ba. Sannan a fili duk nisan da ka ninka sauti na faɗuwa da kusan dB 6 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), to lissafa daga mita 2 zuwa 30, ba ƙarin murya da zai gyara wannan ba tare da ka kurumtar da na gaba ba. Ɗauki biyu ka kai su wajen mita 15 suna kallon baya, ka sa musu dilei, wato ka jinkirta sautinsu ya zo daidai da na gaba. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kusan ms 3 (ms ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ne) a kowace mita, naka zai kama 44 ko makamancin haka, sauran ka gyara da kunne.

mai_waya:
Oga ya gama magana wlh. Ni dai tambayata ya kake haɗa su? Om 8 guda biyu a layi ɗaya sun zama 4, yawancin amfi na ɗauka, amma ka tara huɗun a layi ɗaya ka sauka om 2 kenan, zai ɗau zafi ya dinga yankewa. Kuma ka duba ko wata waya a juye take, na taɓa wuni ina neman inda bes ɗina (kaurin sauti) ya gudu ashe ja da baƙi aka musanya a filogi ɗaya, sifikun na kashe juna. Taɓa batir 9V a wayar, fulos (+) da fulos, takardar sifikar ta turo waje a duka huɗun.

sabon_hannu:
Allah ya saka da alheri. Biyu biyu nake haɗawa. Amma mikisata ta da ce bata da dilei, kuma ina tsoron in na matsar dasu makirufo ya fara ihun nan.

tsohon_injiniya:
Sai ka nemi furosesa ta sifika ka sa tsakanin mikisa da amfi, ka tabbatar dilei ɗinta ya kai ms 50, kuma a ciki zaka samu limita, mai hana sauti wuce iyaka, da zata tsare maka tiwita. Na gaba layi ɗaya, na tsakiya ɗaya layin, ka manta da sitiriyo, a hol irin wannan ba wanda zai yi kewarsa. Batun ihu kuma ai sauƙi zaka samu tunda ba sai ka ƙure na gaba ba, kawai makirufo ya zauna a bayan sifika, kuma ka hana mawaƙa dunƙule kan makirufon da tafin hannu, ko makirufo samfurin SM58 ne aka rufe masa kai sai yayi kuka.

mai_waya:
Kuma amfi ne ƙarshen kunnawa, shine farkon kashewa, wannan "ɗuf" ɗin da kake ji in ka kunna mikisa daga baya shima yana cin tiwita. Ka dawo ka bamu labari bayan aiki na gaba.