Neman shawara: ƙanena ya ce kotun da ta kira shi ba ta da hurumi a kansa

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku game da ƙanena da muke zaune tare a Bronx, a birnin New York. An kama shi yana tuƙi bayan an dakatar da lasisinsa, kotu ta sa masa rana, amma ya dage ba zai je ba, domin wasu bidiyoyi a YouTube sun cusa masa cewa duk kotun da tutarta ke da geza mai ruwan zinare kotun dokar teku ce, wadda ba ta da iko da mutumin da ke kan tudu. Yana kuma cewa sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a sammacin ba nasa ba ne. Ga shi bai zama ɗan ƙasa ba tukuna. Shin akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan?

Barista Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dokar teku tana nan, amma ba yadda aka gaya masa ba. Kundin tsarin mulkin Amurka da dokar shari'a ta 1789 sun ba kotunan tarayya hurumi kan shari'un jiragen ruwa, kamar karon jirage, lalacewar kaya a teku da albashin ma'aikatan jirgi, kamar yadda a Najeriya sashe na 251 na kundin 1999 ya ɗora wannan aiki a kan Babbar Kotun Tarayya. Laifin tuƙi kuwa na kotun jiha ne, kuma doka ce ke ba kotu hurumi, ba adon tuta ba. Tun 1925 Antoni Janar na Amurka ya bayyana cewa gezar ƙawa ce kawai, sannan a 1997 wata kotun tarayya a Missouri ta yi watsi da wannan hujja a shari'ar McCann da Greenway.

Alhaji Musa: Hajiya, mu ma a Kanada muna fama da masu wannan da'awa. A 2012 Mai Shari'a John Rooke na Alberta, a shari'ar Meads da Meads, ya bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya ya rushe su. Abin da ke ci mini rai shi ne, masu koyar da ita kuɗi suke karɓa, wanda ya gaskata su kuma shi ke kwana a ciki.

Malama Zainab: Yaya, kada ki tsaya jayayya da shi kan tuta, ki sa manyan gida su yi masa magana ya halarci zaman, domin rashin zuwa na iya sa alƙali ya ba da umarnin kama shi. Idan ba shi da halin ɗaukar lauya, ya roƙi kotu ta ba shi na kyauta, kuma kafin ya amsa kowane laifi ya bayyana wa lauyan matsayin takardunsa na zama. Kada ya miƙa wa kotu takardun da ya sauke daga intanet.