Gwajin z ko gwajin t? Kowanne da amsarsa

Assalamu alaikum, masana ƙididdiga. Don Allah a taimaka mini, wata tambaya kan gwajin hasashe ta tsaya mini a wuya.

Tambayar ta ce wani kamfani yana iƙirarin batiransa na yin awa 50 a matsakaici. An gwada samfurin batir 25, matsakaicinsu ya zo awa 52, karkacewar ma'auni ta samfurin, wato ma'aunin yadda awannin suka warwatsu daga matsakaicin, kuma 5. Ana so a duba, a matakin 0.05, wato yarda da kasadar kashi 5 cikin 100 ta ƙaryata iƙirarin alhali gaskiya ne, ko matsakaicin ya bambanta da 50.

Lissafin bai ba ni wahala ba. Tushen 25 (lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25) shi ne 5, na raba karkacewar 5 da wannan 5 na samu 1, sai 52 a cire 50 ya ba ni 2, na raba shi da 1 na samu 2. To, a nan gizo ke saƙar. A teburin z iyakar ita ce 1.96, kuma 2 ya wuce ta, sai in yi watsi da hasashen farko, wato cewa matsakaicin awa 50 ne. A teburin t kuwa, da matakan 'yanci 24, wato yawan samfurin 25 a cire 1, iyakar 2.064 ce, 2 bai kai ba.

Hankalina ya fi kwanciya da t, tunda karkacewar daga samfurin ta fito, ba daga dukan batiran ba, samfurin kuma bai kai 30 ba. Amma wanne ne ainihin dalilin, rashin sanin karkacewar ko ƙanƙantar samfurin?

Sannan da an ce "ya fi 50", iyakar t ta koma 1.711, hukuncin ya juye. Ya halatta in zaɓi gwajin gefe ɗaya, wato na "ya fi 50" kawai, bayan na riga na ga 52?